Tambaya: Me ya sa za a yanki lafiyayyen goshin yarinya don a gyara mata kunci da hanci?

Kawun Yarinya

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga likitoci da ma'aikatan jinya da duk wanda ya taɓa shiga irin halin da muke ciki. Maganar 'yar ƙanwata ce, wadda yanzu shekarunta tara. Tana da shekara huɗu ta yi ƙyanda, kuma ba ta gama murmurewa ba sai dasashinta ya soma wari yana zubar da jini, kuncinta na hagu ya kumbura ya yi baƙi, kafin mako biyu naman wurin ya zube. A ƙauye aka ce ciwon iska ne, aka yi ta turare da jiƙe-jiƙe, sai da aka kai ta asibiti muka fara jin sunan cutar noma. Allah ya sa da sauran kwananta, ta rayu, amma ciwon ya bar mata rami a kunci wanda ana hango haƙora ta cikinsa, gefen leɓenta na sama ya tafi, haka ma ɓangaren hancin da ke wannan gefe. Bakinta ba ya buɗuwa yadda ko yatsa ɗaya zai shiga, ta ramin take tura abinci, kuma saboda yawun da ke zuba da kallon da yara ke yi mata ta daina zuwa makarantar allo.

Shekara biyu da suka wuce, a wani ƙaramin asibiti aka jawo bakin ramin aka ɗinke, amma ko mako ba a yi ba ɗinkin ya ɓalle, ramin ya fi da faɗi. A bana muka samu ganin ƙwararru, suka duba ta, suka ɗauki hoton ƙashinta, suka ce aikin ba na rana ɗaya ba ne. Sun ce za su fara buɗe muƙamuƙin, su ɗebo nama daga ƙarƙashin haɓarta ko daga ƙirjinta su toshe kuncin, daga baya kuma su yanko fatar goshinta su juyo da ita su yi hancin, a bar ta a haɗe da goshin har mako uku. Kafin duk wannan sun ce sai ta ƙara nauyi kuma jininta ya hau.

A nan gida ya rabu biyu. Kakarta ta ce ba za ta yarda a ɓata goshin ba, domin shi ne abin da ya rage mata na fuska. Ni kaina ina da tambaya. Wani maƙwabcinmu da ya ƙone a baya, fatar cinyarsa aka kankaro aka shimfiɗa masa, ta kama lafiya. Me zai hana a yi wa yarinyar haka, tunda cinya a rufe take? Me ya sa kuma ake ta jan lokaci, kuma shin bakin zai buɗu ya zauna a buɗe?

Likitan Tiyata

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ta lafiya, ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi. Likitocin da suka duba ta su ne masu yanke shawara a kanta, amma tsarin da ka bayyana shi ne wanda aka saba bi, kuma zan yi ƙoƙarin nuna maka dalilin kowane mataki.

Bari in fara da maƙwabcinku. Abin da aka yi masa dashen fata ne: ana kankaro siririyar fata, a raba ta da jijiyoyinta gaba ɗaya, a shimfiɗa ta a kan ɗanyen nama mai jini. Kwana biyu na farko ruwan da ke tsattsafowa daga naman take sha, sannan ƙananan jijiyoyi su tsiro daga ƙasa su shige ta, kafin mako ta zama ta wurin. Kamar dashen albasa ne, wanda idan ƙasa mai laima ce zai kama. To a kuncin yarinyarku babu ƙasar da za a dasa a kai, rami ne da ya fasa daga waje har cikin baki, kuma fatar da aka shimfiɗa a kan iska da yawu mutuwa za ta yi. Ko a inda za ta kama ma, fatar cinya a fuska takan tsuke ta jawo ido ko leɓe, kuma a jikin baƙar fata takan ƙara duhu ta fita daban kamar faci.

Abin da za a yi mata shi ne wanda muke kira fulaf, wato a ɗaga fata da kitsen da ke ƙarƙashinta, wani lokaci har da tsoka ko ƙashi, ba tare da an yanke jijiyar da ke kawo musu jini da wadda ke mayar da shi ba, a juyo da su zuwa wurin da ake son cikewa. Idan ka lura da yaɗon dankali, yakan kafa sabuwar saiwa a gaba alhali yana shan ruwa daga uwarsa, kuma sai ya kafu ake iya raba su ba tare da ya bushe ba. Wannan mako uku da aka ambata muku shi ne lokacin da naman ke bukata ya ƙulla jijiyoyi da sabon mazauninsa. Duk ilimin wannan fanni ya ta'allaƙa ne a kan sanin inda jijiyoyin nan suke bi.

Abu na biyu da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne kunci da hanci ba falle ɗaya ba ne. Kamar babbar riga suke, akwai yadin waje, akwai shafi a ciki, hanci kuma yana da guringuntsi a tsakani da ke riƙe da siffarsa. Idan aka rufe waje aka bar ciki ɗanye, wurin zai warke da tabo, tabon ya tsuke, ya murɗe duk abin da aka gina ya kuma sake ƙulle muƙamuƙin. Don haka dole a samar da shafin, ko ta hanyar kifo fatar bakin ramin ta kalli cikin baki, ko a ninka ƙarshen naman da aka kawo, ko a kawo nama biyu. Ɗinkin da aka yi mata a baya ya ɓalle ne domin noma cinye nama take yi, abin da ya tafi ya tafi, kuma abin da ke kewaye da ramin tabo ne mai tauri da ƙarancin jini. Jawo tabo a haɗa da tabo da ƙarfin zare ba ya riƙewa, sai dai a yi asarar ɗan abin da ya rage.

Yanzu ga maganar goshi, wadda ita ce ta tayar wa Hajiya kakarta hankali, kuma ban ga laifinta ba. Babu wata fata a jikin ɗan Adam da ta yi kama da fatar hanci a launi da kauri kamar ta goshi. Akwai wata jijiya da ke fitowa daga kusurwar ido ta ciki, kusa da tushen gira, ta haura goshi a miƙe, kuma a kanta ake yanko wani dogon yanki, a bar gindinsa a gira, a juyo da shi ƙasa ya sauka kan hanci. Goshin da aka ɗeba ana jawo gefensa biyu a ɗinke shi a layi ɗaya, idan ɗan wuri ya rage a sama a bar shi ya cike da kansa. Abin da yake saura a ƙarshe layi ne a tsaye, kuma goshi na cikin wuraren da tabo ke lafawa sosai. Wannan hanya ta daɗe ƙwarai. A Indiya, inda yanke hanci yake cikin hukunce-hukuncen da, an san gyaran hanci da naman fuska tun zamanin wani tsohon likita mai suna Sushruta, kuma labarin yadda ake yi da goshi ya isa Ingila ta wata mujalla a 1794, har wani likita Joseph Carpue ya gwada a Landan a 1814 ya yi nasara. A Italiya kuwa Tagliacozzi, wanda ya wallafa aikinsa a 1597, daga damtse yake ɗebowa, a ɗaure hannun majiyyaci a kansa makonni. Hanyar damtsen kusan an bar ta, ta goshin ce ta tsaya har yau, saboda ta fi bayar da hanci mai kama da hanci.

Game da kunci, zaɓi biyun da aka gaya muku kowanne yana da amfaninsa da farashinsa. Naman ƙarƙashin haɓa, wanda aka bayyana amfani da shi a 1993, launinsa ya dace da fuska, tabonsa yana ɓuya a ƙarƙashin muƙamuƙi, kuma yawanci a aiki ɗaya ake gamawa. Matsalarsa a maza ita ce yana zuwa da gemu, wadda ba ta shafi yarinya ba. Sai dai yana dogara da jijiyar da ke hawa fuska ta gefen muƙamuƙi, kuma idan ciwon ya lalata ta a wannan gefe dole a sake lissafi. Naman ƙirji da kafaɗa, wanda Bakamjian ya fito da shi a 1965, yana da faɗi kuma ba ya yawan ba da kunya, amma sai an bar shi kamar gada daga ƙirji zuwa kunci na mako uku, sannan ƙirji da kafaɗa wurare ne da tabo ke yawan tsirowa ya yi tudu a jikin mutanenmu. A yarinya mace, ra'ayina shi ne a fara duba haɓa kafin ƙirji, matuƙar ramin bai fi ƙarfinta ba. Leɓen sama kuma da leɓe ake gyara shi, domin babu abin da ke maye gurbin jan leɓe da tsokar da ke tsuke baki. Ana iya cire kusan kashi ɗaya cikin uku na leɓen ƙasa a ɗinke ba tare da ya nakasa ba, a juyo da abin da aka cire sama a kan jijiyarsa, yadda Estlander na ƙasar Finland ya bayyana a 1872. Bakin zai ɗan ƙanƙance, kusurwarsa ta zagaye, kuma ana iya gyara wannan daga baya.

Jinkirin da kake gani ba sakaci ba ne. Naman da aka ƙaurar da jini yake rayuwa, kuma yaron da ke fama da tamowa da ƙarancin jini rauninsa ba ya haɗewa. Kowane fulaf sau ɗaya ake kashe shi, goshi ba ya tsiro wani. Gara a jira wata uku tana cin abinci da a ɓarnatar da shi a jikin da bai shirya ba.

Malamar Jinya

Sannu da ƙoƙari, Likita. Kawu, ni zan yi magana ne a kan abin da ke biyo bayan fitowa daga ɗakin tiyata, domin a nan ne aiki ke gyaruwa ko ya lalace, kuma a nan ne iyalai suke da hannu.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mafi nauyi. Buɗe muƙamuƙi a ɗakin tiyata abu ne mai yiwuwa: ana yanke tabon da ya ɗaure, idan kuma ƙashin muƙamuƙin ƙasa ya manne da ƙashin kunci, kamar yadda yake faruwa ga wasu yaran, a sare wannan haɗin. Abin da ke da wuya shi ne ya zauna a buɗe, domin tabo ɗabi'arsa komawa ce. Bayan aiki ana koya wa yaro motsa baki da 'yan katakan nan da likita ke danne harshe da su, a jera su tsakanin haƙora ana ƙara ɗaya bayan ɗaya, sau da dama a yini, kuma ba na mako biyu ba, na watanni ne masu yawa. Akwai zafi, yaro zai yi kuka, uwa kuma tausayi zai kama ta ta ce a bari sai gobe. Na sha ganin yaron da aka sallama yana saka yatsu uku a baki ya dawo bayan shekara a ƙulle kamar ba a taɓa shi ba. Saboda haka tun yanzu ku zaɓi mutum ɗaya a gidan mai dauriyar zuciya, wanda yarinyar ke jin maganarsa, ya zama shi ne mai wannan aiki. Sau da yawa ba uwa ce ta fi dacewa ba.

Saboda bakinta a ƙulle yake, sa ta barci ma aiki ne na ƙwararru, domin ta hanci ake zura bututun numfashi ana kallo da wata siririyar na'ura mai kyamara. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba kowane asibiti ya kamata ya taɓa irin wannan aiki ba. Kwanakin farko ta robar hanci za a ba ta abinci, don kada kunu ya taru a kan ɗinkin ciki. Mu kuma za ka ga muna yawan zuwa muna danna naman da yatsa muna kallo. Idan ya yi fari ya yi sanyi, jini ba ya shiga. Idan ya kumbura ya yi duhu, jini ba ya fita. A baƙar fata launi ba ya nunawa sosai, don haka wani lokaci mukan ɗan soka shi da allura mu ga irin jinin da zai fito, ja ne mai haske ko baƙi. Mai jinya ya kula kada ta kwanta a kan gefen, kada a ɗaura mata ɗankwali ko wata igiya da za ta matse gindin naman, kuma kada a shafa komai daga gida, ko man shanu ko zuma ko tofi a ruwa, sai an tambaye mu.

Ku kuma shirya zukatanku game da mako ukun nan. Naman da ya sauko daga gira zuwa hanci ba shi da kyan gani, yana tsattsafar da ruwa, yana tare mata gefen ido, kuma wanda bai sani ba zai ce an ƙara ɓata ta. Ba wannan ce fuskar da za ta tafi da ita gida ba.

Ga masu karatu da ke da yaro irin wannan, a Sakkwato akwai asibitin yara na noma da aka kafa tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki da shi tun 2014, kuma kyauta ake magani da tiyata. A Nijar akwai ƙungiyar Sentinelles a Damagaram da ta daɗe tana karɓar irin waɗannan yara. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Kiyasin hukumar shi ne tara cikin goma na yaran da ba su samu magani ba mutuwa suke yi, alhali a matakin farko, lokacin da dasashi ke wari da jini, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Idan akwai ƙannenta a gida 'yan shekara biyu zuwa shida, a riƙa duba bakinsu, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓi mai tsanani.

Tsohon Malamin Makaranta

Ɗana, Allah ya ba jikata lafiya. Ni ba cutar noma na yi ba, wani ƙari ne ya fito mini a muƙamuƙin ƙasa, ba ya zafi, yana ta girma shekara da shekaru ina cewa haƙori ne, har ya kai sai an cire rabin ƙashin. A wani asibiti a Indiya aka yi mini aikin, bayan mun sayar da fili. Daga ƙwaurina suka ciro siririn ƙashin da ke gefen waje, tare da fata da jijiyoyinsa, suka sassare shi suka lanƙwasa ya yi siffar muƙamuƙi, suka ɗaure da ƙarfe, sannan suka ɗinke jijiyoyin da na wuyana a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Tun safe aka shiga da ni, sai bayan isha na farka. Yau ina taunawa, ina tafiya masallaci da ƙafata, abin da kawai ya dame ni da farko shi ne gashin ƙafa da ya riƙa tsirowa a cikin bakina, wanda jikokina suka mayar abin dariya.

Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne, a aiki ɗaya aka gama mini, ba a bar wani nama yana reto a fuskata ba, kuma ba a taɓa lafiyayyen wuri a fuskar ba. Likita, ina tambaya da ladabi, shin ba wannan ce hanyar zamani ba? Idan ana iya ɗebo nama daga hannu ko cinya a haɗa jijiya, me ya sa za a sa ƙaramar yarinya ta shiga ɗakin tiyata sau uku, a kuma ƙara mata tabo a goshi? Ina tsoron kada ya zama talauci ne ya sa ake yi wa 'ya'yanmu aikin da duniya ta wuce.

Likitan Tiyata

Baba, tambayarka a kan hanya take, kuma ba zan ce maka kuɗi da kayan aiki ba sa cikin lissafi ba, suna ciki. Abin da aka yi maka shi ne mafi kyawun abin da ake yi wa wanda ya rasa dogon yanki na muƙamuƙi. An fara ƙaurar da wannan ƙashi da jijiyoyinsa a 1975, aka fara gina muƙamuƙi da shi a 1989, kuma ana iya ɗiban fiye da santimita 20 mutum ya ci gaba da tafiya, domin babban ƙashin ƙwauri ne ke ɗauke da nauyin jiki. Haka ma fatar sangalin hannu da likitocin Sin suka fito da ita wajen 1980, da ta gefen cinya da ta biyo baya a 1984, duk ana amfani da su a fuska, har da masu cutar noma idan ramin ya cinye rabin fuska ko ƙashi ya tafi.

Amma a inda ban yarda da kai ba shi ne cewa goshi aikin da ne. A manyan asibitocin Amurka da Turai, wanda ciwon dajin fata ya cinye wa hanci har gobe da goshi ake gina masa shi, a matakai biyu ko uku, alhali suna da duk madubin da suke so. Dalili shi ne fatar hannu ko cinya tana cike rami amma ba ta zama fuska: launinta daban, kaurinta daban, takan yi tudu kamar matashi, kuma sau da yawa sai an koma an rage ta, wato shi ma aikin ba ya ƙarewa a zama ɗaya. Akwai wata ƙa'ida da ake dangantawa da Harold Gillies, likitan da ya gyara fuskokin dubban sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya a asibitin Sidcup da ke Ingila daga 1917, cewa abin da aka rasa da irinsa ake mayar da shi. Kai ƙashi ka rasa, aka nemo maka ƙashi a inda yake. Ita fatar fuska ta rasa, kuma irinta tana kusa.

Sannan ka duba haɗarin. Jijiyoyin da ake ɗinkewa faɗinsu milimita biyu ne zuwa uku a babban mutum, a yarinya mai shekara tara da ta sha tamowa sun fi haka ƙanƙanta, kuma zaren ya fi gashi siranta. A ƙwararrun cibiyoyi fiye da casa'in cikin ɗari suna kamawa, amma idan jini ya daskare a mahaɗar, wanda ya fi faruwa a kwana uku na farko, dole a koma ɗakin tiyata cikin 'yan sa'o'i ko da tsakar dare ne, in ba haka ba naman gaba ɗayansa ya mutu. Wannan yana bukatar ma'aikaciyar jinya mai dubawa kowace sa'a, da likita a kusa, da jini a ajiye, da wutar da ba ta ɗaukewa. Naman da ke haɗe da uwarsa idan ya samu matsala yawanci bakinsa kawai yake lalacewa, a gyara. Aiki uku na sa'o'i kaɗan-kaɗan kuma sun fi sauƙi ga jikin ƙaramin yaro a kan ɗaya na yini guda.

Wani abu da ban faɗa wa Kawu ba ɗazu: fuskarta tana girma, naman da aka kawo da tabon da ke kewaye da shi kuwa ba lallai su bi girman daidai ba. Kada ku yi mamaki idan aka ce a ɗage aikin hancin zuwa gaba, ko kuma a ce ta dawo bayan ta balaga a daidaita shi da ɗan guringuntsin kunne ko na haƙarƙari. Abin da ba ya jira shi ne cin abinci da riƙe yawu da magana.

Kawun Yarinya

Na gode ƙwarai, Likita, na gode Malama, Baba Allah ya ƙara lafiya. Jiya da dare na karanta wa ƙanwata da mijinta duk abin da kuka rubuta, kuma misalin yaɗon dankalin ne ya fi shiga kan mijin, da yake manomi ne. Aikin katakon ni zan ɗauka, domin uwarta ba za ta iya ba, kuma yarinyar za ta dawo gidana bayan an sallame ta har ta cika watannin. Hajiya ba ta sauko ba tukuna. Abin da take maimaitawa shi ne wa zai auri mace mai tsage a tsakiyar goshi, kuma ta ji an ce gashin kai yakan biyo fatar ya tsiro a kan hanci. Shin wannan gaskiya ne? Kuma akwai abin da za mu ba yarinyar a gida don jinin ya hau kafin ranar da aka sa mana bayan girbi?

Malamar Jinya

Kawu, maganar gashi tana faruwa idan goshi gajere ne har yankan ya shiga cikin gashin kai. Likitoci sukan karkatar da yankan don kauce wa hakan, idan kuma ya biyo ana cire saiwoyinsa a aiki na biyu ko daga baya. Ku tambayi wanda zai yi aikin ya nuna muku da alƙalami a goshinta inda zai bi.

Game da Hajiya, kada ku ci gaba da musu da ita a gida. Ku tafi da ita ranar ganin likita, ku roƙi ma'aikatan jinya su haɗa ta da uwar wani yaro da aka yi wa aikin shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, ta ga goshin da idonta, ta taɓa idan an yarda mata. A ɗakunanmu kakanni sun fi jin maganar 'yan'uwansu mata a kan tamu.

Abinci kuwa, tunda ba ta iya tauna, komai a dama shi ko a niƙa: kunun gyaɗa da madara, ƙwai, wake da aka dafa ya yi lugub, hanta da kifi a marmasa cikin miya, zogale a daka. Kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini ya fi babban kwano sau biyu. Ta riƙa kwana a gidan sauro, a ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙarin jini da asibiti suka rubuta, a kuskure mata baki da ruwan gishiri mai ɗumi bayan kowane ci. Ku auna nauyinta duk mako biyu a asibitin da ke kusa da ku, ku rubuta a takarda, ku je da takardar ranar.